Famfon kwarfar ruwa da na ɗaura wa jirgin iyalina: damina biyu ina aiki da shi

Wata safiya ce ta watan Agusta, bayan an kwana ana sheƙa ruwa, dattijon da ke kula min da jirgi a bakin kogi ya bugo min waya tun ban tashi daga wurin sallah ba. Basarke ne, a ruwa aka haife shi, a ruwa ya yi furfura, kuma ba mutum ba ne mai ɗaga hankali. Abin da ya ce kawai shi ne, "Malam, ka sauko ka ga jirginka, ya sha ya ƙoshi." Da na isa sai na tarar ruwa ya kusa taɓa benci. Tankin mai yana yawo a ciki, rigunan ruwan yara sun jiƙe sharkaf, takalmin jikata ƙwaya ɗaya da aka manta yana ta lilo a gindin inji. Ni da yaron dattijon muka naɗe wando, kowa da yankakkiyar jarka, muka yi ta kwarfa har rana ta ɗaga. Bayana ya yi kwana uku yana ciwo. Ran nan na ƙudurta cewa ba zan sake shiga wata damina da jarka kaɗai ba.

Ni malamin lantarki ne, na yi shekaru ina koyarwa a makarantar fasaha kafin na ajiye aiki na dawo gida Yelwa. Jirgin na faiba ne, ƙafa 19, na hannu na saya, da injin Yamaha Enduro mai ƙarfin doki 15. Ba na haya ba ne, ba na su ba ne. Na iyali ne. Ranar Asabar idan ruwa ya kwanta mukan fita ni da uwargida da duk yaron da ke gida, mu zaga, mu tsaya a wani gungu mu ci abin da muka ɗauko, mu juyo kafin la'asar ta yi sanyi. Lokacin hutun makaranta da na Sallah, in jikoki sun zo daga Sakkwato da Kaduna, jirgin ba ya hutawa. A garinmu jirgi abin neman abinci ne, shi ya sa da farko mutane suka yi ta mamakin wanda ya sayi jirgi don shan iska. Yanzu sun saba.

Matsalar buɗaɗɗen jirgi ita ce duk abin da sama ta zubo a cikinsa yake zama. Lissafin ba wuya. Ruwan sama milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya, lita ɗaya ke nan. Bakin jirgina ya kai murabba'in mita 8. Idan aka yi ruwan milimita 50 cikin dare guda, wanda ba baƙon abu ba ne a Yawuri a tsakiyar damina, lita 400 ke nan a kwance cikin jirgi, wato kilo 400, nauyin manya shida. Kuma nauyin ruwa ya fi na mutum haɗari, don mutum yana zama inda ka ce ya zauna, ruwa kuwa duk gefen da jirgi ya karkata can yake rugawa ya ƙara danne shi.

Kafin famfon na riga na yi wa jirgin ƙananan gyare-gyare da hannuna. Na yi masa rumfa da siraran bututai da tamfol, na sa ta yi ƙasa-ƙasa don kada ta zama abin kama iska, kuma ana iya naɗe ta cikin minti biyu. Na mai da bencin tsakiya akwati mai murfi inda rigunan ruwa ke zama. Na shimfiɗa tabarmar roba mai huda-huda a ƙasa saboda santsi, domin faiba in ta jiƙe ba ta riƙe ƙafar yaro. Duk waɗannan sun yi amfani, amma babu wanda ya sauya zamana da jirgin kamar wannan ɗan famfo da bai wuce girman gwangwanin madara babba ba.

Ɗan ƙanwata da ke Legas ne ya saya min ya aiko a mota. Irin famfon nan ne mai aiki da batir na bolt 12, wanda ake bugowa da sunaye daban-daban a kan kwali alhali jikin ɗaya ne: sama roba mai tauri, ƙasa matata mai ramuka da ake ɓallewa, gefe kuma bakin da ake sa tiyo mai faɗin milimita 29. A cikinsa akwai wani ɗan abu mai iyo, kamar na tankin ruwan gida. Idan ruwa ya taru ya kai kamar yatsu uku a kwance, sai abin ya taso ya kunna famfo da kansa, in ruwa ya ja ya sauka ya kashe. Wayoyi uku ne ke fita daga kansa: baƙa ta koma ƙasan batir, sauran biyun ɗaya ta kunna-kai ce, ɗayar ta makunnin hannu. Mai shagon ya haɗo da tiyo mai ƙwarya-ƙwarya irin na injin wanki, da wasu kilif guda biyu na matse bakin tiyo, da ƙarin waya siririya. Kuɗin duka bai kai abin da nake kashewa a mai na fita uku ba.

A jikin kwalin an rubuta 1100 da manyan lambobi, wato galan 1,100 na Amurka a awa ɗaya. Galan ɗaya lita 3.785 ne, ke nan ana nufin lita dubu huɗu da ɗari da sittin da 'yan kai a awa, kusan lita 69 a minti. In haka ne, jarka mai lita 25 za ta cika cikin daƙiƙa 22. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Na cika baho da ruwa a tsakar gida, na tsoma famfon, na ɗaga bakin tiyon zuwa tsayin da zai hau a jirgi, wajen santimita 70, na ba autana agogon waya ya riƙe. Da tiyon da aka haɗo min da siririyar wayar nan, jarkar ta cika a daƙiƙa 43. Rabin abin da aka rubuta ke nan. Na maimaita sau uku, bai sauya ba.

Wannan bai ba ni haushi sosai ba, don na san yadda ake samo lambar. Masu ƙera irin waɗannan famfuna suna auna su ne ba tare da tiyo ba, ba tare da hawa ba, da cikakken batir, ruwa na fita daga baki kai tsaye. Ba wanda zai yi aiki da shi haka a jirgi. Kowane taƙi da ruwa zai hau yana rage ƙarfi, kowace lanƙwasa tana ragewa, ƙwarya-ƙwaryar cikin tiyo kuma tana birkita ruwan tana ja masa birki. Siririyar waya ita ma tana cinye wuta a hanya kafin ta isa. Na je kasuwa na sayo tiyo mai sumul a ciki, mai kauri wanda ba ya lotsewa, na yanke shi iya tsayin da ake bukata. Na sa waya mai kaurin milimita 2.5. Na sake gwadawa, jarka ta cika a daƙiƙa 32, wato kusan lita 47 a minti. Famfo ɗaya, batir ɗaya, tiyo da waya kawai aka sauya. Don haka wanda duk ya saya, shawarata ya ajiye tiyon da aka ba shi ya yi ban ruwan lambu da shi, kada ya kai shi jirgi.

Wajen ɗaurawa ne na fi ɓata lokaci, kuma nan ne na ga inda mutane ke kuskure. Takardar da ke cikin kwali ta nuna a ɗaure matatar da kusoshi masu zare a ƙasan jirgi. Ni ba zan huda cikin jirgina a ƙarƙashin ruwa ba ko da ramin allura ne. Abin da na yi, na nemi wuri mafi zurfi, can baya kusa da inda inji ke rataye, domin nan ruwa ke taruwa in jirgi na tsaye da nauyin inji. Na zuba bokiti biyu na ga inda ya kwanta, na yi alama da alli. Na busar da wurin, na goge shi da samfefa har sheƙin ya tafi, na share da fetur kaɗan a tsumma na bari ya bushe sarai. Sai na yanko ɗan katako mai tauri, faɗin tafin hannu, kaurin yatsa, na shafe shi ko'ina da ruwan faiba don kada ya sha ruwa, na manna shi a wurin, na lulluɓe gefunansa da ƙyallen faiba ninki biyu. Na bar shi kwana guda. Washegari a jikin katakon na ɗaura matatar, da gajerun kusoshi na ƙarfen da ba ya tsatsa. Famfon kansa yana shiga matatar ne ya yi ƙas, in za ka cire ka matsa kunnuwa biyu a gefe ya fito. Wannan tsari nasu ya burge ni, don ko a tsakiyar ruwa kana iya ciro shi ka share ka mayar ba tare da sukudireba ba.

Kilif ɗin da aka haɗo min sun fara tsatsa cikin mako uku. Na cire na sa na ƙarfen da ba ya tsatsa.

Shi tiyo yana da ƙa'ida ɗaya da ba a karya ta: daga bakin famfo ya yi ta hawa har ya fita, kada ya sauka a tsakiya ya sake hawa. Irin wannan famfo farfela ce ke juyawa a ciki tana watsa ruwa, ba ya iya tura iska. Idan tiyo ya yi ciki a wani wuri, ruwa zai kwanta a nan, iska ta maƙale a bayansa, sai ka ji famfo yana ta kuka amma ko ɗigo ba ya fita. Na bi da nawa ta jikin bango na ɗaure shi wuri uku, ya fita ta saman gefe, nesa da fuskar ruwa, ta yadda ko jirgi ya cika da mutane ya karkata bakin ba zai nutse ya zuƙo kogi ciki ba. Wani abin kuma, duk lokacin da famfo ya tsaya, ruwan da ke cikin tiyo yana gangarowa ya dawo. In tiyon dogo ne, abin da ya dawo zai isa ya sake tayar da famfo, ya yi ta kunnawa yana kashewa har gari ya waye. Wani mai gyaran famfon rijiya ya ce in sa bawul mai hana komawa. Na ƙi, saboda a ruwa mai laka irin namu bawul ɗin ne zai fara toshewa. Gajarta tiyo ya wadatar.

Wuta kuwa sana'ata ce, a nan ban yi sassauci ba. Injina na jan igiya ne, ba ya cajin batir, don haka na sa batir rufaffe mai amfiya 40 irin na sola a cikin akwatin roba mai murfi, na ɗaure shi ƙarƙashin bencin tsakiya, nesa da tankin mai. Wannan nisan ba ado ba ne. Tururin fetur ya fi iska nauyi, a ƙasan jirgi yake kwanciya, tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Fis mai amfiya 5 na sa dab da kan batir, ba can kusa da famfo ba, domin aikin fis ya kare wayar tun daga tushe. Duk wani haɗi na waya na ɗaga shi sama da inda ruwa zai iya kaiwa, na yi masa dalma, na rufe da robar nan da ke tsukewa in an gasa ta. Wanda ya murɗa waya da hannu ya naɗe da salatif ya jefa a ƙasan jirgi, wata biyu zai tarar ta yi kore ta ruɓe, sannan ya ce famfo ba kyau. Faifan sola mai wat 30 yana saman rumfa, da ƙaramar na'urar daidaita caji. Wayar kunna-kai ta famfon ban bi da ita ta cikin na'urar ba, kai tsaye ta tafi batir ta fis, saboda na'urar tana yanke wuta in batir ya yi ƙasa, ni kuwa gara batir ya wahala da jirgi ya nutse. Wayar hannu ita ce na kai wa makunni kusa da inda nake zama riƙe da inji.

Cin wutarsa kaɗan ne, wajen amfiya 3 na auna. Lita 400 ɗin nan na ruwan dare guda yana fitar da su cikin minti tara ko goma in aka haɗa, abin da bai wuce rabin amfiya na awa ɗaya ba. Batirin ko ji ba ya yi. Daminar farko, duk safiyar da aka kwana ana ruwa sai na sauka bakin kogi da fargaba, in tarar da jirgi a sama yana rawa, ƙasansa da ɗan ruwan da bai rufe farce ba. Wannan ragowar ba ya iya ɗauke ta, haka aka yi shi, soso nake sa wa. Dattijon nan ya ce da dare yakan ji shi daga bukkarsa, ya yi zuuu na ɗan lokaci ya yi shiru. Ya ce, "Malam, yaron nan naka ba ya barci."

Sau ɗaya ya ba ni kunya, kuma dole in faɗa dalla-dalla don wanda zai saya ya sani. Mu a nan kogin Kwara cika biyu yake yi a shekara. Akwai farin ruwa, wanda ke zuwa da daminarmu, daga Agusta zuwa Oktoba, ruwan da Rima da sauran koguna na kusa ke kwasowa da laka da ciyawa. Akwai kuma baƙin ruwa, wanda aka yi samansa can tsaunukan Gini, ya bi ta faffadar fadamar Mali ya sauke lakarsa a can, sai ya iso mana garau cikin sanyin hunturu. A baƙin ruwa famfon ba shi da matsala ko kaɗan. A farin ruwa kuwa duk wanda ya shigo jirgi da ƙafarsa ya shigo da taɓo, igiyar ɗauri tana jawo saiwar kainuwa, yara suna zubar da ɓawon gyaɗa da ledar ruwa. Duka a gindin famfo suke tarewa. Wani dare a Satumba, wani siririn zaren ciyawa da laka suka maƙale abin iyon nan a sama. Ruwa ya ƙare, famfo bai tsaya ba. Ya kwana yana juyi a bushe, ya wuni, ba wanda ya lura saboda hayaniyar bakin kogi da rana. Amfiya 3 ba tsayawa, hadari kuma ya rufe rana, batir ya mutu murus. Daren da ya biyo aka sake ruwa, na koma gidan jiya da jarkata.

Na ɗauka ya ƙone. Da na cire shi na wanke na ba shi wuta, ya tashi, sai dai tun daga ranar muryarsa ta ɗan yi kaushi, alamar robar da ke tare ruwa a jikin sandar farfela ta ji jiki. Laifin a raba shi biyu. Nawa shi ne na yi mako biyu ban buɗe matatar ba. Nasu kuwa shi ne ramukan matatar sun yi faɗi ga ruwa irin namu, kuma abin iyon yana cikin wani ɗan ɗaki da ba ka ganinsa sai ka ɓalle famfon gaba ɗaya. Akwai ɗan maɓalli a baya da ake murɗawa a gwada shi, amma ba ya nuna maka dattin da ke ciki. Maganin da na yi, na samo ragar sauro ta roba mai ƙarfi, na lulluɓe wani kwandon roba da na yanke gindinsa, na kife shi a kan famfon. Ruwa na shiga, ciyawa na tsayawa a waje. Na kuma jona ƙaramin jan ƙwan lantarki a jikin sandar rumfa wanda ke kamawa duk lokacin da famfo ke aiki, na ce wa dattijon in ya ga jan nan ya daɗe bai mutu ba ya kira ni ko tsakar dare ne. Kowace Asabar kafin kowa ya shiga jirgi, ina ɓalle famfon in wanke, in zuba bokiti ɗaya in tsaya sai na ga ya kunna kansa ya kuma kashe kansa. Tun daga nan bai sake yi min haka ba.

Ranar da ya biya kuɗinsa gaba ɗaya kuwa, a farkon damina ta biyu ce. Mun fita mu bakwai, ni da uwargida da 'yata da jikoki huɗu. Sama tas muka bar gida. Muna kan hanyar dawowa hadari ya haɗo daga gabas da sauri irin na farkon damina, iska ta riga ruwan isowa. Na naɗe rumfa, na rage wuta, na karkata hancin jirgi ina yanka igiyar ruwa a kaikaice. Duk wadda muka hau sai ta watso mana kamar an juye kwano. Uwargida ta tattara yaran a tsakiya, ta rungume ƙaramar, tana karanta addu'a a hankali. A da, a irin wannan hali, 'yata ce za ta durƙusa da jarka a baya, nauyi ya koma gefe guda, ni kuma hankalina ya rabu biyu tsakanin ruwan gaba da ruwan ciki. Ran nan na danna makunnin hannu kawai na bar shi. Ina jin karkarwarsa a tafin ƙafata, ina ganin tiyo yana feso ruwa ta gefe ba yankewa. Babban jikana, ɗan shekara tara, ya leƙa ya ce, "Kaka, ruwan ba ya ƙaruwa." Na ce masa ya zauna ya riƙe ƙanensa. Ruwan bai taɓa wuce idon sawu ba har muka shiga lungu muka fake. Da muka taka ƙasa uwargida ta ce, "Malam, abin nan ko nawa ne a sayi na biyu a ajiye." Ita ce kuwa ta fi kowa ƙorafin kuɗin da nake zubawa a jirgi.

Amma kada wannan labari ya ruɗi kowa. Famfon na ruwan sama ne da feshin igiya da ɗan yoyo. Ba na fashewar jirgi ba ne. Tun da aka datse kogin a Kainji a 1968 ruwa ya haɗiye gonaki da dazuzzuka, kututturan itatuwan suna nan tsaye a ƙarƙashi har yau, kuma in ruwa ya ja suna dab da fuska. Rami mai faɗin santimita 5, ƙafa ɗaya ƙarƙashin ruwa, yana shigo da fiye da lita 150 a minti. Famfona 47 yake fitarwa. Ko uku aka jera ba za su yi kunnen doki ba. Mu mutanen wannan yanki ba ma bukatar a tuna mana me ruwa ke yi. Jirgin da ya nutse a kusa da Warra cikin Mayun 2021, maƙare da 'yan kasuwa da mata da yara, har yau akwai gidajen da ba su warke ba. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa ta wajabta rigar ruwa ta kuma hana tafiyar dare, ni kuma a jirgina ba mai taka ƙafa sai ya ɗaura tasa, babba ko yaro, ko da tsallaken minti biyar ne. Yankakkiyar jarkar nan ma ban jefar ba, tana ɗaure da igiya a ƙarƙashin benci, tare da filafili biyu da tsumma da guntun katako mai tsini na toshe rami.

Akwai wani abu da ya dame ni wanda takardar famfon ba ta ko ambata ba. Injin da ake haɗa wa fetur da baƙin mai, kamar nawa da nake zuba rabin lita a lita 25, ba ya rasa ɗigo wajen zubawa ko wajen jona tiyon mai. Da jarka kake kwarfa, idonka zai ga sheƙin mai a saman ruwa ka tsaya. Famfo ba shi da ido, duk abin da ya tarar kogi zai kai. A ruwan nan mata ke wanki, yara ke wanka, daga cikinsa ake kamo karfasa da tarwaɗa da giwan ruwan da muke ci. Don haka na daina haɗa mai a cikin jirgi, a tudu nake yi. Tankin na sa shi cikin faranti mai baki, da tsumma a ƙasa. In kuwa mai ya zube da yawa, ina zare fis tukuna, in tsane da tsumma in fitar, sannan in mayar. Fetur a ƙasan jirgi ba abin da za a kunna wa lantarki ba ne ko ta wace fuska.

Wanda ke da ƙaramin buɗaɗɗen jirgi da ke kwana a ruwa, na faiba ko na ƙarfe, ina ba shi shawara ya saya, ya ɗauki mai lamba 1100, kada ya tsaya kan mai 500, tun da ba duk lambar zai samu ba. Ya sa a ransa cewa tiyo da waya da fis da batir da faifan sola za su ci ninkin kuɗin famfon, kuma su ne aikin. Wanda yake jawo jirginsa tudu ya kife bayan kowace fita, mai makunnin hannu kaɗai ya ishe shi, ya huta da matsalar abin iyo.

Kwanan baya dattijon ya same ni ina wanke matatar famfon, ya tsuguna yana kallo, can ya ce ɗansa mai jirgin katako da ke ɗaukar kaya zuwa kasuwar Malale yana son irinsa, ko zan ɗaura masa. Na ce zan ɗaura, amma jirgin katako kullum cikin tsatsafo yake, famfon zai riƙa tashi dare da rana, don haka batirinsa sai ya ninka nawa, faifan sola ma haka, kuma ɓawon hatsi da ƙaiƙayin buhuna za su toshe raga kowace tafiya, sai yaron jirgi ya riƙa dubawa. Na ce kuma kada ya sallami mai kwarfa saboda an sa inji. Ya ce ya ji. Na riga na aika wa ɗan ƙanwata kuɗin guda biyu, ɗaya na yaron, ɗaya wanda uwargida ta ce a ajiye. Nawa na biyun ba a akwati zan ajiye shi ba, zan manna masa katako taƙi ɗaya sama da na farko, da nasa fis da nasa tiyo, kafin ruwan Yuni ya sauka.